Kuskuren da Ba Matsala Ya Haɗiye

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, don zuciyata a wuya take nake muku wannan rubutu. Masu cewa a ƙarƙashin rubutuna na baya wai na cika tsiwa, na gani, ban kuma musa ba. Amma ku bari ku ji abin da ya faru tukuna, sannan ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu. Aikina rubuta manhajar waya a wani ɗan ƙaramin kamfani da ke saman shagon masu sayar da tayoyi, inda ƙarar injin buga iska ta zame mana kamar agogo. A ofis Jan Biro suke ce min, saboda duk jan rubutun da zai fito a wayarka ya ce maka ka yi kuskure, ni na rubuta shi. Wanda nake so kuma teburinsa yana kallon nawa. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum hannun rigarsa a naɗe. Kowa Ba Matsala yake ce masa, don ko rufin ofis ne ya faɗo, abin da zai fara fita daga bakinsa ke nan. Mun daɗe tare, har Baba ya san ƙarar babur ɗinsa. Ya kuma ce min ya gaya wa mahaifiyarsa maganarmu, kuma ta yi murna.

To, Gwaggo ce ta zo mana, yayar Baba, da ciwon gwiwar da ya hana ta sakat. Asibitin da ake son ta ga likita kuma da manhajarmu suke ba mutane rana. Ina jin haka na miƙa hannu zan karɓi wayarta in yi mata, ta janye abarta.

"A'a, 'yar nan. Ke kika yi abin, ni zan gwada. In ga ko karatun da ƙanena ya ba ki ya yi rana."

Ta gyara zaman tabaronta a kan hanci, ta shiga danne-danne da yatsa ɗaya. Ni kuma na shiga wanka. Ina fitowa ta ɗaga min fuskar wayar, ga koren rubutu ɓaro-ɓaro: An karɓa.

"Kin gani? Ba a raina tsohuwa."

Wallahi daɗi ya kama ni har na manta ban tambaye ta abin da ta rubuta ba.

Ranar da za ta tafi, kwalliya ta yi kamar mai zuwa ganin surukai. Leshi ruwan toka, mayafi mai duwatsu a baki, turarenta ya cika falo. Ta ƙi a raka ta, wai ita ba yarinya ba ce. Da na dawo daga aiki da yamma, tun daga ƙofa na ji gidan ya yi tsit. Na same ta a kan kujera, ƙafar a miƙe bisa matashi, gwiwar ta kumbura, mayafin a yashe a gefe. Mama na shafa mata man zafi.

"Ga mai manhaja nan," in ji Gwaggo, ko kallona ba ta yi ba. "Tun hantsi nake zaune a kan kujerar roba har rana ta karkata. Da na gaji na je wajen yarinyar da ke kan kwamfuta, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce babu sunana. Na nuna mata korenki. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba, kuma likitan ya cika, sai wani lokacin."

"Gwaggo, me kika rubuta a wajen ranar?"

"Me zan rubuta? Jibi da safe."

"Da baƙaƙe kika rubuta, ba ki zaɓi kwanan wata ba?"

"To jibi ba rana ba ce? Da bai yi ba me ya hana abin naki ya gaya min? Ba baki gare shi ba?"

Nan ta ɗaure ni, don gaskiyarta ce. Daga nan kuma ta yi min wankin babban bargo. Wai aiki ya hana ni aure, aikin ma ga shi bai yi ba. Wai yaron da ke zuwa yana ɗumama mana ƙofar gida, shi ma kore yake nuna mana babu komai a ciki. Na haɗiye, don ƙafarta kawai nake kallo, kuma tausayinta ya fi ƙarfin haushina.

Ina wanke kofuna a kicin Mama ta shigo ta jingina da firji. In Mama ta jingina da firji, to magana ce.

"Auta, gwaggonki ta shiga wajen babanki. Ya ce in gaya miki ya isa haka. Ko dai manyan yaron nan su zo kafin watan nan ya ƙare, ko ya daina ajiye masa babur a ƙofar gida."

"Mama, ai ya ce mahaifiyarsa ta amince."

"Shi ya ce. Ke kin ji daga bakinta?"

Na shiga ɗaki da jiƙaƙƙen hannu na tura masa saƙo.

"Baba ya yi magana. Ka tabbata Umma ta amince?"

Ko minti ba a yi ba ya amsa.

"Ba matsala, Jan Biro. Kwantar da hankalinki."

Har da ɗan hoton zuciya a ƙarshe. Ni kuma sakarya na yi murmushi na ajiye wayar.

Washegari na riga kowa zuwa ofis, ko mayafina ban cire ba na kunna kwamfuta. Na buɗe manhajar, a wajen kwanan wata na rubuta irin abin da Gwaggo ta rubuta. Kore. Na rubuta sunan kyanwarmu. Kore. Na bar wajen fayau ba komai. Kore.

Bari in ɗan yi muku bayani, don na san ba kowa ne aikinsa ke nan ba. Idan mutum ya rubuta abin da manhaja ba za ta iya aiki da shi ba, ɓangaren da ya fara karɓa ba ya yin shiru, ba ya kuma yin kintace. Dakatawa yake yi, ya ɗauki kuskuren da bayaninsa ya jefa sama. Haka muke cewa a wajen aiki, jefawa. A saman kuma dole a ajiye wani ɓangaren da zai cafe, ya mayar da shi maganar da mutum zai gane, ya ce masa ga inda ka kauce, sake gwadawa. In aka jefa babu mai cafewa, manhajar sai ta kife a hannun mutum. Abin kunya ne, amma aƙalla kowa ya ga ta kife, za a nemi gyara.

Na duba nawa ɓangaren, yana nan lafiya lau, yana jefa kuskuren yadda na rubuta shi. Na bi shi sama in ga inda yake faɗawa. A nan na ga abin da ya sa na cire mayafin. Wani ya zo ya ajiye mai cafewa wanda ke kama kowane irin kuskure, babba da ƙarami, kuma cikinsa babu komai. Ba ya gaya wa mai waya, ba ya gaya mana, ba ya ajiye ko sawu. Ya cafe, ya haɗiye, sannan manhajar ta wuce ta nuna kore kamar an yi aiki. A gefe an bar ɗan rubutu: zan dawo in gyara.

Kowane layi da muka taɓa a manhaja yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi. Ban ma buƙaci dubawa ba, amma na duba.

Ya shigo da fara'arsa, hular babur a hannu, ya ajiye min biskit ɗin da nake so a gefen kwamfuta.

"Jan Biro, yau ke kika buɗe ofis?"

Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya sunkuyo ya karanta. Na ga fara'ar tana zamewa daga fuskarsa a hankali.

"Wannan aikinka ne?"

"Nawa ne."

"Me ya sa?"

Ya jawo kujera ya zauna. "Ranar da kika tafi jinyar Mama ce. Manaja ya dawo daga asibitin ransa a ɓace, wai tsofaffi suna ƙorafin jan rubutu ya yi yawa, suna tsorata suna rufe manhajar. Ya ce a kawar da shi kafin yamma. Na ce ba matsala. Niyyata in rufe bakin abin na ɗan lokaci, in kin dawo mu zauna mu gyara lafazin."

"Na dawo. Ka gaya min?"

"Na ga hankalinki a tashe yake. Daga baya kuma na ji nauyi."

"Gwaggona ta wuni a kan kujerar roba da kumburarriyar gwiwa saboda nauyin da ka ji. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Su waye sauran? Ba mu sani ba, don ba ka bar mana ko sawunsu ba."

Na zaci zai kare kansa, har na shirya masa amsa. Sai kawai ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Da ya buɗe, idanunsa sun kaɗa. Na so in ci gaba da faɗa, amma bakin ya ƙi, don ba a dukan wanda ya riga ya durƙusa.

"Tashi ka gaya wa Manaja," na ce masa. "Da bakinka."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jinsu. Bai rage komai ba. Manaja ya yi faɗa har masu tayoyi suka ji, sannan ya tuna shi ya ba da umarnin, sai ya sauko ya ɗauki waya ya kira asibitin. Suka yarda za a tura wa duk masu manhajar saƙo, duk wanda ya nemi rana kwanan nan ya sake dubawa. Gwaggo kuma suka ce ta zo, za su san yadda za su yi da ita.

Mu kuma muka haɗa kujeru muka zauna gyara. Muka cire wancan mahaɗiyin. Kuskuren kwanan wata muka ba shi mai cafewa nasa, na lambar waya ma nasa, kowanne da amsar da ta dace da shi. Wanda ba mu san irinsa ba, muka sa a rubuta mana shi a ajiye, a kuma gaya wa mai waya gaskiya cewa ba a karɓa ba. Da muka zo kan lafazi, na rubuta irin nawa: Kuskure. Kwanan wata ba daidai ba.

Ya ɗan yi tari. "In gwada?"

Na tura masa madannin kwamfutar. Ya rubuta: Ba mu gane ranar ba tukuna. Taɓa kalandar nan ka zaɓi ranar da kake so, za mu jira.

Na karanta, na sake karantawa. Na tuna Gwaggo da yatsanta ɗaya. Gaskiya in faɗa muku, nasa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na daɗe ina yi wa tsofaffin mutane tsawa da jan biro ina ganin gaskiya nake faɗa. Shi ya iya lallashi, ni na iya faɗin gaskiya, manhajar kuma ashe dukanmu take buƙata. Ban gaya masa haka ba, kada kansa ya kumbura.

Da aka tashi muka sauko tare. A kan matattakala ya tsaya, yana juya hular babur a hannunsa.

"Kin san tun ina yaro haka nake. Babanmu yana da hawan jini, likita ya ce kada a riƙa tayar masa da hankali. Ni ne babba, duk wani mugun labari a hannuna yake tsayawa. In shiga ɗakinsa ya ce yaya gida, in ce ba matsala. Har ya rasu bai san an kori ƙanena daga makaranta ba. Na ɗauka kirki nake yi."

Tausayinsa ya kama ni. Na hango shi ɗan yaro a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya, yana gyara fuska kafin ya shiga. Ina cikin wannan tausayin ne maganar Mama ta faɗo min a rai. Shi ya ce. Ke kin ji daga bakinta?

Na riƙe ƙarfen matattakalar.

"Malam, dube ni. Me Umma ta ce da ka gaya mata maganarmu? Ba abin da ka kawo min ba. Abin da ta faɗa."

A ƙasa injin iska ya yi ƙara ya yi shiru. Shi kuma ya kawar da kai, har na ji kamar in girgiza shi.

"Ta ce in kawo ki ku gaisa. Tana so ta gan ki da idonta."

"To shi ne me? Yaushe ta ce?"

"Tun farko."

"Tun farko? Me ya hana ka gaya min?"

"Umma ba ta tauna magana. Ke ma ba kya taunawa. Ta taɓa cewa ba ta son macen da aiki zai ɗauke wa hankali daga gida. Na ji tsoron ta faɗa miki haka a fuska, ki ba ta amsa, komai ya watse. Na ce bari in shirya ta tukuna."

"Ita kuma da ta ga ban zo ba, me kake ce mata?"

Ya sunkuyar da kai. "Aiki ya yi miki yawa."

Na zauna a kan matattakala da doguwar rigata mai ruwan zuma, ƙura ko ba ƙura. Ku duba min wannan al'amari. Matar da ke tsoron aiki zai ɗauke min hankali, ita ake gaya wa aiki ya hana ni zuwa gaishe ta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Yanzu me take cewa?"

"Ta ce yarinyar da ta fi ƙarfin gaisuwa ba za ta shigo mata gida ba. Ta hana kawunnaina zuwa."

Hawaye suka zubo min, na haushi da na baƙin ciki a haɗe. Abin da gaisuwar yamma ɗaya za ta warware, ya ɓoye shi har ya ruɓe. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma shi ya ɗauka yana kare mu ne, ni da ita. Abin da ya fi ci min rai, ko a lokacin ban daina sonsa ba.

Na share fuska da bakin mayafi. "Ciro wayarka. Kira ta. Ka buɗe murya in ji."

"Jan Biro, bari in je gida in..."

"A'a. In ka tafi da maganar nan kai kaɗai, a hanya za ka haɗiye ta. Ko ka kira ta yanzu, ko in je in gaya wa Baba da kaina ka daina zuwa."

Ya ciro wayar ya danna lambarta. Ta ɗauka, murya mai kauri, irin ta matan da ba a maimaita musu magana.

"Babana, lafiya?"

"Umma, akwai abin da zan gaya miki." Ya haɗiyi yawu. "Yarinyar nan ba ta taɓa ƙin zuwa ba. Ni ne ban taɓa gaya mata kin kira ta ba. Ba ta sani ba sai yanzu. Duk abin da na ce miki ta ce, ni na ƙirƙira."

Ina jin ƙarar fanka daga can ɗakinta.

"Tana kusa da kai?"

"Ga ta."

"Ba ta."

Na karɓa da hannu biyu kamar tana ganina. "Ina wuni, Umma."

"Lafiya lau. Ke ce mai aikin?"

"Ni ce, Umma."

"Hm." Ta ja numfashi. "Na zage ki a raina ba kaɗan ba, kuma ban ce na janye ba, don ban san ki ba. Gobe in kin tashi daga aikin ki zo. Ke kaɗai. Kada ki zo min da shi, in yana tsakani ba za mu ji juna ba. Akwai tambayoyin da zan yi miki, kuma ba na son a shafa min mai a baki."

"Ni ma ban iya ba, Umma."

Na ji kamar ta yi wani ɗan sauti, ko dariya ce ko tsaki, ban tantance ba. Ta kashe wayar.

A gida na samu Gwaggo ta sake neman rana da kanta, da gangan ta rubuta jibi da safe don ta kama ni. Da saƙon ya fito ta karanta shi a bayyane, ta cire tabarau. "To, yanzu ya koyi ladabi." Ban gaya mata wanda ya koya masa ba. Mama kaɗai na ja kicin na zayyane wa komai. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce ban yi ba. Ta dai buɗe akwatinta ta ciro min mayafinta mai ruwan ƙasa, ta ce wannan ya fi nutsuwa.

Yanzu haka kaya ne baje a kan gadona, na sa na cire har na gaji. Ban san me matar nan za ta tambaye ni ba. In ta ce in zaɓa tsakanin aikina da ɗanta, ban san abin da bakina zai faɗa ba, kuma kun san bakina. Watan da Baba ya ba mu kuwa ya riga ya raba tsakiya.

Ina ninke mayafin wayata ta yi haske. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya goge, ya sake farawa. Na san kalmomin da yatsunsa suka saba, na kuma yi wa kaina alkawari in su ya turo ba zan amsa ba. Can saƙon ya shigo.

"Akwai matsala, Jan Biro. Tsoro nake ji."

Na zauna a bakin gado na daɗe ina kallonsa. Tun da muka haɗu bai taɓa turo min saƙon da ya kwantar min da hankali kamar wannan ba. Na rubuta masa: "Ni ma. Turo min kwatancen gidan."